Maganin Auta

Rabon Sista da jin muryar Injiniya tun ranar da mahaifiyarsa ta rantse cewa muddin tana numfashi, ba zai kawo mata 'yar asibitin nan cikin zuri'arta ba.

Ba wai ya daina sonta ba ne, ita ma ta san da haka. Wayar ce kawai ta yi shiru. In ta farka da safe sai ta duba, in ta sauka daga mota ta sake dubawa, sannan ta jefa ta cikin aljihun farar rigarta ta kama aiki. Har a gida Sista ake ce mata. Ƙannenta ne suka laƙaba mata sunan don tsokana ranar da ta gama makarantar jinya, shi ke nan ya bi ta, har Mama ma da shi take kiranta.

Ƙaramin asibiti ne a tsakiyar unguwa, 'yan ɗakuna da doguwar baranda, sai dogon benci da fentinsa ya koɗe saboda yawan zama. A da, matan da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki sai sun tafi can babban asibiti, inda aka ware musu ƙofa ta daban. Duk wadda aka gani a bakin ƙofar nan, an gama sanin abin da ya kawo ta. Da yawa sun gwammace su zauna a ɗaki suna ramewa da su je su tsaya a wurin. Masu shaye-shaye kuwa ko ƙofar ma ba su da ita.

Sista na cikin waɗanda suka nace, suka yi ta zirga-zirga da roƙo, har aka yarda aka kawo aikin gaba ɗaya cikin ƙaramin asibitinsu. Yanzu benci ɗaya ne. Mai awon ciki, mai kawo yaro rigakafi, tsohuwa mai hawan jini, da wadda ta zo karɓar maganinta na wata, duk kati iri ɗaya suke riƙe da shi, ƙofa ɗaya suke shiga. Sai an rufo ƙofa Sista za ta sassauta murya ta yi wa kowacce tambayoyin da take yi wa kowa: yaya barci, me ake sha in damuwa ta yi yawa, ko ana so a duba jini.

Aikin da ya fi komai faranta mata rai ke nan, kuma shi ne ya shiga tsakaninta da Injiniya.

Shi ya haɗa musu wutar sola da ke riƙe da firjin allurai. Bayan ya gama aikin ya ci gaba da zuwa duba batirin da lafiyarsa ƙalau, har Iya mai shara ta ce a yanka masa kati, tunda batir ya warke shi ne bai warke ba. Magana ta yi nisa, Kawun Sista ya ce ya turo manyansa. A nan ne Hajiya, mahaifiyarsa, ta taka burki.

Matan layinsu sun kai mata labari cewa asibitin ya zama matattarar 'yan ƙwaya da masu ciwon zamani, kuma yarinyar da ɗanta yake so ita ce uwar ɗakinsu. Hajiya ta ce hannun da yake wuni cikin jinin mutanen nan ba zai dafa mata abinci ba. Ko ta bar aikin, ko shi ya bar ta. Injiniya ya yi bayani har ya gaji, ya turo Gwaggonsa, ya durƙusa ya yi magiya. A ƙarshe Hajiya ta ce in ya sake kiran yarinyar a waya ba ta yafe ba.

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne, cikin matan da take kira 'yan ƙwaya har da autarta.

Auta ta dawo gida ne da goyo, bayan rasuwar mijinta, wanda ya sha doguwar jinyar da danginsa suka ƙi faɗin sunanta. Barci ya ƙaurace mata. Wata ƙawarta ta miƙa mata kwalbar maganin tari, ta ce ta kurɓa za ta ji sauƙi. Ta samu barcin kuwa, daga baya kwalba ɗaya ta daina isarta.

Ranar da ta kawo jaririyarta rigakafi, tana shiga ɗaki ta ga wadda ke zaune a kan kujera, sai ta juya za ta fita. Ta san ita ce wadda Yaya yake so, ta sha ganin hotonta a wayarsa. Sista ta lura da nauyin idonta da yadda harshenta ke harɗewa. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta karɓi jaririyar tana yi mata wasa, ta fara yi wa uwar tambayoyin da ta saba. Tun a tambayar barci Auta ta fashe da kuka.

An duba jininta a ranar. Tana ɗauke da cutar. Ita jaririyar, da sakamakonta ya dawo daga baya, Allah ya tsare ta.

Auta ta riƙe hannun Sista ta ce ta yi mata alkawari ko Yaya ba zai ji ba, balle Hajiya. Sista ta ce mata ba sai an yi alkawari ba. Abin da aka faɗa a ɗakin nan na mai shi ne, ita za ta faɗa ranar da ta ga dama, ga wanda ta ga dama.

Tun daga nan Auta take zuwa da sunan awon jaririya. In ta karɓi maganinta sai ta ɓamɓare takardar jikin robar tun a ɗaki, ta tura ta can ƙasan jakar kayan yarinya. Maganin tarin kuma suna janye shi sannu a hankali, yau a ci gaba, gobe a koma baya, Sista ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Kumatun Auta suka fara dawowa. Wani lokaci in ta yi dariya sai Sista ta kawar da kai, domin dariyar yayanta ce sak.

Ba ta taɓa tambayarta labarinsa ba. Auta ce takan saki da kanta tana ɗaura goyo, cewa Yaya ba ya cin abin kirki, ko yakan zauna a tsakar gida ya yi shiru har shayinsa ya huce. Sista sai ta ce a gaida gida, ta kira ta gaba. Sai ta koma gida ta shiga ɗaki take fito da 'yan kalmomin nan, tana juya su a ranta ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan da yamma an tashi aiki, tana kulle ɗakinta ta ji ƙarar babur ɗin da ko cikin dubu za ta gane. Makullin ya suɓuce daga hannunta.

Yana tsaye a gindin bishiyar da ke farfajiya. Ya rame, rigar da ta sha gaya masa tana yi masa kyau ta yi masa yawa a kafaɗa. Ta so ta tambaye shi ko yana samun barci, tambayar da take yi wa baƙi kullum, amma ta fasa. Suka gaisa kamar waɗanda aka haɗa yau.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da farar roba marar takarda. Tun kafin ya ce komai ta gane robar Auta ce.

Ya ce Hajiya ce ta tsince ta a jakar Auta tana neman wandon jaririya. Da ta titsiye ta, Auta ta ce Sista ce ta ba ta, daga nan ta kulle bakinta. Hajiya ta ce dama ta faɗa, an hana yarinya auren ɗanta, ta koma lalata mata 'ya da ƙwaya. Ta ƙwace maganin, ta ƙwace wayar Auta, ta hana ta leƙa ko ƙofar gida. Har ta yafa mayafi za ta kai kemis a gaya mata ko mene ne, shi ne ya roƙe ta ta bari ya fara tambaya.

Abin da Sista ta fara tambaya shi ne tun yaushe aka karɓe. Ya ce an kwana biyu.

"Ka mayar mata," ta ce. "Yau, kafin ta kwanta."

"Mene ne a ciki?"

"Magani ne."

"Na ga magani ne, Sista. Na mene ne?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. "Ba zan iya gaya maka ba."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Saɓa wa mahaifiyata na yi na zo nan. Ta ce in na kira ki ba ta yafe ba, na ce to ai ba kira na yi ba, zuwa na yi. Haka nake ta yaudarar kaina tun daga gida. Kalma ɗaya nake nema in koma da ita in ce, Hajiya, ga gaskiyar yarinyar nan. Ki ba ni abin da zan kare ki da shi."

"Ba ni da shi," ta ce, hawaye suka fara sauka kan farar rigarta. "Abin da kake nema ba nawa ba ne. Da nawa ne da tuni na zube maka shi a gabanka, ka san ko ciwon kai ban taɓa ɓoye maka ba. Matan da ke zama a bencin can suna shigowa ne don sun san bakina a rufe yake. In na buɗe shi yau saboda kai, saboda ina sonka, gobe wace ce za ta zauna a gabana?"

"Ƙanwata ce. Ni na goya ta."

"Na sani. Ka tambaye ta, amma ba da tsawa ba. In ta yi shiru ka ƙyale ta, ka dai ajiye mata robar inda za ta gani. Ba abin maye ba ne, wannan kaɗai zan iya rantse maka. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙonka."

Wani tunani ya gifta a fuskarsa, ta ga ya kore shi da sauri kamar mai tsoron kada ya zauna masa. Ya ce shi ya yarda ba za ta cuci Auta ba, zuciyarsa ba ta taɓa shakkarta ba ko sau ɗaya. Amma Hajiya ba da zuciyarsa take gani ba. Sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta, in shirun nan shi zai raba su har abada, za ta ci gaba da yinsa?

Ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har bakin harshenta. Ta tuna gidan da suka sha ginawa da baki a gindin bishiyar nan, da musun da suka yi kan launin labule, shi yana cewa ruwan toka ita tana cewa gidanta ba shagon gyaran batir ba ne. Kalmomi kaɗan ne tsakaninta da gidan nan, kuma duk suna cikin bakinta.

"Zan ci gaba," ta ce. "Ba don ba ka kai ba."

Ya mayar da robar aljihu, ya goge idonsa da bayan hannu. Babur ɗin ya ƙi tashi, ya yi ta bugawa, ita kuma tana tsaye tana fatan kada ya tashi. Da ya tashi bai waiwayo ba. Ta koma ta zauna a kan bencin da babu kowa, har Iya mai shara ta gama wanke baranda ta zo ta dafa kafaɗarta, ta ce ta tashi ta tafi gida kada Mama ta shiga damuwa.

Tana shiga layinsu ta yi kiciɓis da motar Mai Kemis tana barin ƙofar gidansu. Ya sauke gilashi ya gaishe ta da fara'a, ya ce ta rame, aikin nan zai ƙarar da ita.

Mai Kemis ya daɗe yana nemanta. Mutum ne mai sakin fuska da sakin hannu, shagunansa na magani sun bazu a gari, bai taɓa zuwa gidansu hannu sake ba. Ya sha cewa in ta aure shi ta huta da wahalar asibitin unguwa, kujera ce mai juyawa ke jiranta a babban shagonsa. Ita kuwa ba mace ɗaya ba, ba biyu ba, sun gaya mata a ɗaki cewa ta ƙofar bayan shagunan nasa suke samun kwalaben maganin tari, ba takardar likita ba tambaya. Ta taɓa ɗan tsegunta wa Mama. Mama ta ce wa ya gaya mata, ta kasa kama suna, Mama ta ce to ta ji tsoron Allah ta daina yi wa bawan Allah ƙazafi.

Kawu na zaune a falo, Mama na gefe ta yi tagumi. Shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makarantar jinya da kansa, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce ba zai yi mata dole ba, bai yi wa kowa ba. Amma mutumin nan ya sake zuwa, kuma kunya ta fara kama shi, kullum sai ya ce masa a ƙara haƙuri. Mama ta karɓe da kuka, ta ce ƙannenta sun taso duk suna jiran ta matsa, mutane sun fara tambayarta ko wani abu ne ke damun Sista da ta zauna haka. Ta ce ita ba ta ƙi Injiniya ba, yaro ne mai ladabi, amma ba a shiga gidan da uwar miji ta rantse a kanki.

"Me kike jira a wurinsa, 'yata?" in ji Kawu. "In akwai abin da ya gaya miki, ki gaya mini in san abin da zan riƙe."

Ya jira, ya ga hawaye ne kawai ke zuba. Sai ya ce gobe zai wuni a nasa shagon, da an yi sallar azahar mutanen Mai Kemis za su zo jin amsa. In kafin nan wani ya zo daga gidan su Injiniya, ko da shi kansa ne, ya ce mahaifiyarsa ta sauko, to zai ba waɗancan haƙuri ko da za su ga baƙinsa. In babu wanda ya zo, ta bar shi ya amsa musu. Ya tambaye ta ko ta amince.

Ta tuna yadda ya tafi bai waiwayo ba. Ta ɗaga kai a hankali alamar ta amince.

Washegari benci ya cika tun da wuri, yara na kuka, mata na hirar tsadar kaya. Sista ta yi ta ganin mutane ɗaya bayan ɗaya, idonta a kumbure, duk wadda ta tambaya sai ta ce mura ce. Rana ta ɗaga sosai lokacin da ta leƙo za ta kira ta gaba, ta ji hayaniyar baranda ta ɗauke.

Hajiya ce a gaba, doguwa, fuskarta a murtuke, farar robar nan a hannunta. Auta na biye da ita da goyo, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Injiniya ne a ƙarshe, yana ta yi wa mahaifiyarsa magana ƙasa-ƙasa ba ta sauraronsa. Ashe jiya ya yi ƙoƙarin tura robar ƙarƙashin matashin Auta, Hajiya ta kama shi. Ta ce tunda har shi ma an juya masa kai, ta fasa zuwa kemis, wurin mai bayarwa za ta je, kuma a gaban mutane.

Ta ɗaga robar sama. "Ke ce kike ɗura wa 'yata wannan?"

Matan benci suka zuba ido. Akwai waɗanda suka gane robar tun daga nesa, domin irinta na cikin jakunkunansu. Suka sunkuyar da kai, wata ta ƙanƙame jakarta. Wata budurwa da ke can ƙarshen benci ta miƙe a hankali ta fara gyara mayafi za ta sulale.

Sista ta russuna ta gaishe ta. Ta ce su shigo daga ciki, a nan kowa a ciki ake ganinsa. Hajiya ta ce ba ciwo ne ya kawo ta ba, a nan za ta tsaya, kowa ya ji abin da ake yi da 'ya'yan mutane a wurin nan. Sista ta sake cewa su shigo.

Sai aka ji muryar Auta, siririya, daga bayan mayafi.

"Hajiya, mu shiga. Ni zan gaya miki."

Suka shiga su uku, Injiniya ya tsaya a waje. Sista ta rufe ƙofa, ta tambayi Auta ko tana so ta fita ta ba su wuri. Auta ta girgiza kai, ta kama gefen rigarta.

Ta fara daga jinyar mijinta. Ta faɗi dararen da ta yi ido biyu a ɗakin da ke jikin na Hajiya, da kwalbar farko, da yadda take zuba kwalaben cikin sharar maƙwabta don kada a gani. Ta faɗi ranar da ta shigo ɗakin nan za ta gudu aka zaunar da ita. Da ta zo kan sunan cutar sai ta runtse ido ta faɗa.

Hajiya ta lalubi kujera ta zauna.

"Ita fa?" ta ce, tana nuna goyon da haɓa.

Sista ta ce an duba ta, lafiyarta ƙalau. Hajiya ta tambaya ko mutuwa Auta za ta yi, ta yi tambayar tana kallon bango. Sista ta ce in dai tana shan maganinta kullum ba fashi, da yardar Allah ita za ta raini 'yarta har ta aurar da ita. Ta ce cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya ba ya sa a ɗauka. Maganin tarin ma ta yi nisa da barinsa, abin da ya rage mata shi ne wanda zai tsaya mata a gida ranar da abin ya motsa.

"A gidana," in ji Hajiya. "Ina ɗaki kina ɗaki, ban sani ba." Ta dubi robar da ke hannunta kamar yanzu ta fara ganinta. "Ni na hana ki sha."

Ta yi ƙoƙarin buɗe murfin, ya ƙi buɗuwa. Sista ta nuna mata yadda ake dannawa a murɗa, ta tsiyayo ruwa a kofi. Hajiya ta zazzago ƙwaya ɗaya ta sa a tafin hannun 'yarta, ta tsaya a kanta har ta haɗiye, sannan ta jawo kanta ta kifa a ƙirjinta. Ba ta kalli Sista ba, ba ta ce mata komai ba.

Daga cikin kuka Auta ta ce, "Anti, ki gaya wa Yaya. Na yarje miki. Bakina ya gaji."

Ta same shi a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin firji, ya jingina da bango. Ta gaya masa a taƙaice, da irin muryar da take gaya wa kowa. Ya zame ya tsugunna, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Ta tsaya a gefensa, hannunta na so ya dafa shi, ta tura shi cikin aljihu.

Da ya ɗago ya ce tun jiya zuciyarsa ta raya masa, ya ƙi saurara. Ya ce duk watannin nan tana riƙe da ƙanwarsa ana zaginta a gidansu, shi kuma ya zo ya tsare ta da tambaya. Ya ce ta yafe masa. Ta ce babu abin yafewa, ko ita ce a matsayinsa za ta tambaya.

"Yanzu Hajiya ta gani da idonta," ya ce. "Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. In komai ya lafa zan same ta."

A nan ne ta gaya masa maganar Kawu, da mutanen da za su zo da azahar, da kan da ta ɗaga.

Ya miƙe zumbur, ya kalli inuwar baranda da ta tattare ta koma gindin bango. Ya fara laluben makullin babur. Ta tuna masa cewa Kawu ba ganinsa yake nema ba, maganar Hajiya yake nema, Hajiya kuwa ba ta ce komai ba tukuna. Ya juya zai nufi ɗakin, ya ce to yanzu zai tambaye ta, ba za ta ƙi ba.

"Ba yau ba," ta ce. "Ba a ɗakin can ba. Matar da aka gaya wa abin da aka gaya mata yanzu, ba a kai mata maganar aure."

"Sista, in suka zo Kawu ya amsa fa?"

Kafin ta ba shi amsa ƙofar ta buɗe. Hajiya ta leƙo, idonta jajir, muryar da ta shigo da ita ta karye. Ta kira shi. Ta ce Auta ta cusa kai cikin mayafi ta ƙi ɗagowa, tana ta cewa Yaya ba zai ƙara kallonta ba, ya zo ya yi mata magana.

Ya kalli ƙofar, ya kalli Sista, makullin na hannunsa.

"Shiga," ta ce. "Kada ta jira ka."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta girgiza masa kai tana murmushi, hawaye na bin kumatunta. Ya tafi yana waiwayenta har ya kai ƙofar, ya shiga, aka rufo.

Ta goge fuskarta da gefen ɗankwali, ta dawo wurin benci. Budurwar nan da ta miƙe ɗazu ba ta tafi ba, tana tsaye a bakin mataki, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, kati a dunƙule cikin hannunta. Sista ta yafito ta. Ta ce ɗakinta da mutane, su je ɗakin allura.

Yarinyar ta biyo ta a ɗarare. A bakin ƙofa ta tsaya, ta yi magana can ƙasa yadda ba wanda zai ji.

"Anti, in na faɗa miki abu, zai fita?"

"Ba zai fita ba," in ji Sista. "Shigo ki zauna."

Tana tura ƙofar, aka fara kiran sallar azahar daga masallacin bayan asibiti.